Indomie da daddare, wai ni kaɗai ce abin ke damu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na wannan gida. Dan Allah ku faɗa min gaskiya ko da za ta min ɗaci. Ni ma'aikaciya ce, a Mararaba muke zaune aikina kuma yana cikin garin Abuja, duk wadda ta san cunkoson Nyanya da yamma ta san me nake nufi, in na tashi ƙarfe biyar ba na shiga gida sai bayan magariba wani lokacin ma ana kiran isha nake buɗe ƙofa. Yarana uku, babbar shekararta tara. Ina shigowa sun dawo daga islamiyya yunwa na cinsu, autan har ya fara gyangyaɗi a kan kujera, to abin da hannuna ke kaiwa shi ne indomie da ƙwai, ko taliya da manja da yaji, ko shayi da biredi. Su kam murna suke, ba ruwansu. Amma ni in na kwanta sai zuciyata ta yi ta cina, in ji kamar na ci amanarsu, don mu a gidanmu ba a taɓa kwana ba a tuƙa tuwo ba. Shekaranjiya uwar mijina ta kira ta bidiyo ta ga kwanon da ke gabansu, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi "Allah sarki jikokina", wallahi har yanzu maganar na nan a ƙirjina. Ina cutar da su ne?

Ummu Nana:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ba ke kaɗai ba ce wallahi, rabin matan da ke nan in za su faɗi gaskiya haka suke yi, kawai dai ba a ɗora hoton indomie a sitatas ne, sai ranar da aka yi sinasir da miyar taushe ake ɗauka. Ki kwantar da hankalinki.

Hajiya Mai Jikoki:
Ni dai ku yi haƙuri 'ya'yana, ba zan ce muku daidai ne ba don a ji daɗi. Yaro yana tashi da abin da aka saba masa, wanda aka raina da taliyar leda in ya girma ka sa masa tuwon dawa da miyar kuka a gaba sai ya kau da kai ya ce shi ba ya ci, na gani a jikokina da idona, an kawo min su hutu Zariya na tuƙa tuwo suka zauna suna kallona har sai da aka aika shago. Abin ya min ciwo. Mu da muka yi zamani ba gas ba risho, da itace muke yi hayaƙi na shiga ido, ga goyo a baya, kuma ba mu taɓa cewa mun gaji ba. Aiki ba laifi ba ne amma cikin yaro ya fi albashi.

Malama Zee:
Mama Allah ya ƙara girma, ina son in yi magana ba don in musa miki ba. Ina so ki tuna mana mutum nawa ne a gidan da kuke tuƙa tuwon nan. Ni a cikin birnin Kano na tashi, gidan kakana, mata huɗu ne kuma kowace da ranar girkinta, wadda ta yi kwana biyu sai ta huta shida. Ranar girkinta ma ba ita kaɗai take yi ba. Mu 'yan mata mu ne surfe, mu wanke dawa mu shanya, a ba almajirin gidan ya kai inji, a dawo mu tankaɗe, wata na gyaran kuɓewa wata na dakan daddawa da barkono, mai girki ita dai ta yi talge ta zuba gari ta kama muciya, in ya sulala wata yayarmu ta zauna da mara tana kwashewa ana jera kwanuka. Tun la'asar ake hura wutar nan, kuma duk waɗannan mutanen suna gida ba wadda ke kan titi tana jiran mota. Yanzu ki dubi Maman Ilham, ita ce mai surfen, ita ce mai tankaɗen, ita ce mai tuƙin, ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai duba aikin gida na makaranta da guge yunifom, kuma ita ce ta fita tun asuba neman abin da za a haɗa a biya kuɗin haya. Aikin mutum shida ake auna ta da shi sannan a ce ta gaza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka Mama, ku ma ba da hannu ɗaya kuka ɗauka ba.

Hajiya Mai Jikoki:
Wannan gaskiya ne 'yata, mu uku ne a wurin Malam Allah ya jiƙansa, ga ƙannen miji 'yan mata. Ban musa ba. Amma duk da haka ba na son a mayar da abin ado.

Anti Nas:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikina, don a ɗakin yara na asibiti nake aiki kuma kullum sai na yi wannan maganar da iyaye. Abu biyu ake haɗawa a nan waɗanda ba ɗaya ba ne, saurin girki daban, amfanin abinci daban. Jikin yaro bai san awa nawa kika yi a kicin ba, abin da ya shiga cikinsa ya sani.

Tuwon da ake ta magana, in masara ce aka surfe ta fes aka cire dusa, aka yi miya ruwa-ruwa ba wake ba kifi ba nama, to cika ciki ne kawai. Yankinmu na arewa maso yamma inda ake yawan tuƙa tuwo shi ne kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 37 cikin ɗari ne. Ba tuwo ne ya jawo ba, talauci ne da rashin abin haɗawa da yawan ciwo, amma dai ya isa ya nuna mana cewa wahalar tuƙi ba ita ke gina jiki ba.

Ita ma indomie ba zan wanke ta ba. Fulawa ce da mai da gishiri, in ita kaɗai ce ba wani abin gina jiki a ciki, kuma matsalarta babba tana cikin ƙaramar ledar ɗanɗanon nan. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, yaro kuma ƙasa da haka, to ki lissafa yaron da aka juye wa leda biyu sannan aka ƙara dunƙule. Abin da nake ce wa iyaye, ki sa rabin ledar, kada ki ƙara dunƙule, ki yanka albasa da kabeji ko karas ko ki watsa zogale, ki fasa ƙwai ko ki marmasa busasshen kifi. Minti biyar ya ƙaru amma abincin ya zama wani abu daban. Kuma kada ta zama ta kullum.

A cikin ukun da kika lissafa wanda ya fi damuna shi ne shayi da biredi, don ganyen shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, yaranmu kuma da ma da yawansu jininsu bai cika ba. In dole ne a ba su madara da biredi da ƙwai, a bar ganyen.

Maman Ilham:
Anti Nas Allah ya saka da alheri, wallahi ban san maganar shayin nan ba. To ita maganar da aka yi ta yaɗawa cewa indomie tana sa ciwon daji fa? Ita ma tana cikin abin da ke tsorata ni.

Anti Nas:
A 2023 ne, hukumomin Taiwan da Maleshiya suka ce sun samu wani sinadari a wani nau'in da ake yi a can ƙasashen Asiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta ɗebi wadda ake yi a nan Najeriya ta gwada ta ce ba ta samu ba. Wadda muke saya a nan ake yin ta, tun shekarun 1990 akwai masana'antarta a Ota ta jihar Ogun. Ki bar wannan tsoron, ki kula da gishirin da kuma yawan cin.

Abu Sadik:
Ni a ganina matan yanzu son jiki ne kawai. Macen da ba za ta iya tsayawa ta yi wa 'ya'yanta abincin kirki ba me ya kai ta aiki? Ta zauna a gida mana.

Ummu Nana:
Malam Abu Sadik kai za ka biya musu haya da kuɗin makaranta? Mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne tun 2024, ka je kasuwa da shi ka dawo ka faɗa mana kwana nawa ya yi wa gida mai mutum biyar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gida nawa ne albashin mutum ɗaya ke riƙewa? Mazan ne ma da kansu suke nema wa matan aiki yanzu, sannan a dawo a ce son jiki.

Mai Kula da Zaure:
Dan Allah a yi muhawara cikin mutunci, baiwar Allah shawara ta nema ba hukunci ba. Malam Abu Sadik a gyara lafazi.

Abban Khalifa:
Ni namiji ne kuma maganata da 'yan uwana maza ce. Abin da na lura duk zancen nan ba wanda ya tambayi ina maigidan yake ƙarfe bakwai na yamma. Da yawanmu muna riga matan isowa unguwa amma sai mu tsaya majalisa har a yi isha, mu shigo mu tambayi me aka dafa. Matata malamar asibiti ce, satin da take aikin yamma ni ke ɗora shinkafa da wake, ba wani abin wahala ba ne, ka wanke wake ka zuba ya yi nisa ka kawo shinkafa ka zuba, ka soya mai da albasa, ga yaji a kwalba, ka yanka tumatir da latas in akwai. Garau-garau ke nan yara na so kuma yana riƙe ciki. Ranar da ban iya ba na biya wurin mai awara ko mai gurasa na riƙo. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. To mu wa muka fi? Kuma ciyarwar nan asali a wuyanmu take, aya ta 233 a Baƙara uba ta ambata. In har ta fita tana taya ka ɗaukar naka nauyin, kunya ce ka zauna kana jiran ta dawo ta ɗauki na gida ita kaɗai.

Abu Sadik:
Ban ce taimako haramun ne ba. Amma in uwata ta ji ina tuƙa tuwo ai sai ta ce an shanye ni.

Abban Khalifa:
Ba wanda ya ce ka tuƙa tuwo Malam, wake aka ce ka ɗora. Masu dafa abinci a manyan otal da masu shayi da masu tsire yawanci maza ne, ba a ce an shanye su ba sai in 'ya'yansu za su dafa wa.

Maman Biyu:
Ina ta karantawa ina hawaye. Ku kuna damuwa don kun ba yara indomie da ƙwai, ni wallahi ranar da na samu na yi musu ita ranar biki ce a ɗakina. Mijina ya rasu, wankau nake yi da kitso. Yawancin darare garin kwaki nake jiƙa musu in daka ƙuli-ƙuli in zuba da ɗan mai da albasa, in ce musu kwaɗo ne na musamman. Babban yana ganewa, sai ya ci kaɗan ya ce ya ƙoshi don ƙanwarsa ta samu. Ban faɗa don a tausaya min ba, na faɗa ne don Maman Ilham ta san yaran da suka kwanta cikinsu a cike uwarsu ba ta ci amanarsu ba.

Hajiya Mai Jikoki:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan mijinki 'yata, Allah ya raya miki marayun nan ya sa su zame miki sanyin ido. Ki min magana ta akwatin sirri dan Allah.

Anti Nas:
Maman Biyu amin ga addu'ar Mama. Kuma ki sani ƙulin nan da kike dakawa ba ƙaramin abu ba ne, gyaɗa ce, tana gina jiki, kwaɗonki ya fi indomie tsura amfani nesa ba kusa ba. In akwai bishiyar zogale kusa ki roƙi ganye ki dafa ki haɗa, ko rama, ko tafasa lokacin damina. Waken suya ma in kin samu ki soya ki haɗa da gero da gyaɗa a niƙa, kunun yana taimakon ƙaramar sosai.

Malam Na Islamiyya:
Ga mai jin kamar ta yi zunubi, ya tabbata a Bukhari da Muslim Nana A'isha ta ce sukan ga jinjirin wata uku cikin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah (SAW) ba, dabino da ruwa ne abincinsu sai ɗan nonon da maƙwabta Ansar ke aiko musu. Kuma bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci in ba ya so ya bari. Babu inda shari'a ta ce abincin dare sai tuwo, wannan al'ada ce, mai kyau ce amma al'ada ce. Abin da za a tambaye mu shi ne halal muka ba su ko haram, kuma mun bar su da yunwa alhali muna da hali ko ba mu bari ba.

'Yar Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan a ƙauyen kakata hura ce abincin rana duk shekara, a dama da nono kowa ya sha ya koma gona, ba miya ba nama kuma ba wanda ya taɓa cewa uwa ta gaza. Ni yanzu in na gaji dambu nake turarawa da zogale in zuba mai da yaji, ko in dama musu hura su sha su kwanta. Abin da na gani shi ne in abincin namu ne na gado ko minti goma aka yi shi ba a jin kunya, in na leda ne sai a ji kamar an yi laihi.

Malama Zee:
'Yar Maradi kin taɓo wurin. Ɗan wake ma ai abincin sauri ne, ɗumame abincin sauri ne, fate haka. Iyayenmu suna da nasu na ranar gajiya, mantawa muka yi. Ita kanta miyar kukar da Mama ke magana ba ta kai rabin awa in kayanki a dake suke, ruwa ya tafasa da daddawa da albasa da kifi, ki ɗauko maburgi kina barbaɗa kuka kina kaɗawa, shi ke nan. Abin da ke cin lokaci shi ne shirin, shi ya sa ni ranar Asabar nake daka daddawa da citta da barkono in cika kwalba, in gyara busasshen kifi in cire ƙaya, in tankaɗe garin tuwo da na ɗan wake in rufe a bokiti. Tuwon mutum biyar a kan gas ba irin na gidan mutum talatin ba ne, in gari na nan a tankaɗe kafin yara su gama wanka kin kwashe.

Maman Ilham:
Wallahi na ji sanyi, Maman Biyu kin sa na ji kunyar Allah, Allah ya buɗa miki. Zan gwada shirin Asabar ɗin, kuma zan nuna wa Abban Ilham abin da Abban Khalifa ya rubuta don yakan riga ni dawowa. Tambayata ɗaya, na taɓa yin miya da yawa in sa a firiza amma wutarmu ba ta da tabbas, sai a kwana biyu ba a kawo ba ta narke ta yi tsami, asara biyu.

Hajiya Mai Jikoki:
To ai mu ba firiza muka yi zamani ba 'yata. Ki soya kayan miyarki da mai sosai har ruwan ya ƙone ƙaf mai ya taso sama, ki riƙa ɗumamawa safe da yamma, kada ki sa cokali mai ruwa a ciki. Kuɓewa ki saya busasshiya, kuka da karkashi da ma a bushe suke ba ruwansu da wuta. Kuma 'yarki mai shekara tara ta isa ta tsince wake ta jiƙa kafin ki dawo, ta isa ta yi tankaɗe, a shekarunta ni har talge ina yi. Ko sau biyu a sati ne ku ci tuwo tare a faranti ɗaya don harshensu ya san shi, ni iyakar roƙona ke nan, sauran kwanakin ku yi abin da ya sawwaƙa.

Anti Nas:
Tsintar wake da tankaɗe na yarda Mama, amma dan Allah kada a bar 'yar shekara tara ta kunna gas ko ta sauke tukunyar ruwan zafi ba babba a gida, ƙunar da muke gani a asibiti yawanci daga nan take. Sannan shinkafar da ta kwana a waje cikin zafin nan ba sanyi kada a ba yara ko an ɗumama, akwai ƙwayar cutar da dafin da take bari ba ya mutuwa da ɗumi, gara a dafa daidai ci. Miyar da ta narke ta canza wari kuma a zubar kawai, kuɗin magani ya fi kuɗin tumatir.

Ummu Nana:
Malama Zee dan Allah garin ɗan waken naki me da me kike haɗawa? Nawa kullum sai ya narke a ruwa.

Malama Zee:
Wake da busasshen rogo nake kaiwa a niƙa tare, wasu da alkama ko fulawa suke yi. In za ki kwaɓa ki sa kuka isasshiya don ita ke riƙe shi, da ruwan kanwa kaɗan, kada kwaɓin ya yi ruwa. Kuma sai ruwan ya tafasa sosai za ki fara jefawa, in kika jefa a ruwa mai ɗumi-ɗumi dole ya narke. In sun taso sama ki ba su 'yan mintuna ki tsame cikin ruwan sanyi, ki dafa ƙwai a gefe tun kina kwaɓi.